Hoto Sai da Sallama

Waɗanda suka manyanta a ƙasar Birnin Gwari ba su manta da zamanin da hoto yake da wuyar samu ba. Sai da Sallah, ko in za a cika takardar makaranta ko ta aikin Hajji, sa'an nan mutum zai ci ado ya tafi wurin mai hoto. A zaunar da shi a kan benci, a ce kada ya motsa, ya biya kuɗi, ya yi kwanaki yana jiran a wanko. A wancan lokaci ba wanda ake ɗauka bai sani ba. Yau kuwa, in ka tsaya a kasuwar Kuyello ka dubi samari, da wuya ka ga wanda ba waya a aljihunsa, kowace waya kuma da idonta. Abin da aka ɗauka da hantsi a bayan gari, kafin azahar ya kai Kano, ya kai Legas, ya tsallaka teku, mai shi bai ko ci abincin rana ba.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe. Tun daga nan hanya ta ɗan buɗe, baƙi suka fara dawowa: 'yan jarida, da ɗalibai masu neman abin rubutawa, da 'yan gari mazauna birni da suka daɗe ba su leƙo gida ba. Kowa kuwa da kyamararsa. Shi ya sa muka ga ya kamata a yi wa jama'a bayani a kan abu guda, wato ɗaukar hoto a wuraren tarihi: inda aka hana, da dalilin hanin, da wanda ake neman izini a wurinsa.

Wane ne mai wurin?

Wani zai ce, ai mu nan Kuyello ba mu da gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano, ba mu da hasumiya irin Gobarau ta Katsina, ba mu da rijiya irin Kusugu ta Daura, to wannan magana me ya haɗa ta da mu? Wanda ya faɗi haka ya ɗauka tarihi sai inda aka kafa allo aka ajiye mai gadi. Ba haka ba ne. Kufan da kakanni suka tashi daga cikinsa wurin tarihi ne. Haka ragowar ganuwa, da tsohuwar makabarta, da tsohon masallacin ƙasa, da maƙerar da aka daina aiki a cikinta, da kukar da aka kafa gari a gindinta. Kalmar birni da ke cikin sunan Birnin Gwari ita kanta shaida ce ta gari mai ganuwa, ga kuma Tsohuwar Birnin Gwari nan tana tunatar da mu cewa mazaunin sarauta ma ya taɓa sauyawa. Banda wurare akwai kaya: tambarin sarauta, da sulke da lifidi, da takubba, da kundayen malamai da ke cikin gafaka.

Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da ba shi da mai shi. Kufai yana cikin gonar wani ko a ƙarƙashin ikon wani dagaci. Makabarta ta zuriyar waɗanda ke kwance a cikinta ce. Masallaci na liman da jama'arsa ne. Tambari na gidan sarauta ne. Akwai kuma duwatsu da itatuwa da ƙoramun da Gwarawa da Kamukawa suke girmamawa tun kaka da kakanni, wasu ma ba kowa ake bari ya kusance su ba. Ko kai ba ka yarda da abin da ake yi a wurin ba, wannan bai mai da wurin naka ba.

Malamanmu sun karantar da mu daga Suratun Nur cewa ba a faɗa wa gidan wani ba izini ba sallama, in kuma aka ce ka koma, sai ka koma. Sun kuma bayyana cewa an wajabta neman izini ne saboda ido, don kada mutum ya ga abin da ba a so ya gani. To, ina ga idon da ba ya mantuwa, wanda kuma yake nuna wa dubban mutane abin da ya gani?

Me ya sa ake hanawa?

Wani hanin don lafiyar kayan ne. Haske yana cin rini da tawada, yana kuma busar da takarda da fata. Kowa ya ga yadda rigar shuni ke koɗewa in an yawaita shanya ta a rana. Masana sun ce walƙiyar kyamara sau ɗaya ba ta yin ɓarnar da ido zai gani, hasken ranar da ke shigowa ta taga ma ya fi ta ɓarna, amma yau da gobe sai Allah, shi ya sa gidajen tarihi da yawa suke cewa a ɗauka amma a kashe walƙiya. Abin da ya fi hasken illa shi ne hannu da ƙafa. Mai neman hoto mai kyau shi ne zai hau kan ganuwar ƙasa ta zube, shi ne zai warwatsa ganyen kundi a tabarma ya kasa mai da su yadda suke. Kundayenmu kuwa ba ɗinkakku ba ne, da yawa ba su da lambar shafi, sai 'yar kalmar da marubuci yake sa wa a ƙasan ganye don ta nuna wanda ke biye. In suka hargitse a hannun wanda bai iya karatunsu ba, an sha wahala.

Wani hanin kuma na kuɗi ne, ba sai an ɓoye ba. A fadar Paparoma da ke Rum akwai wani ɗakin ibada mai zane-zane a rufinsa. Da aka tashi wanke zanen a shekarun 1980, wani gidan talabijin na Japan ne ya biya kuɗin aikin, aka ba shi kaɗai ikon ɗaukar hoto na wani lokaci. Lokacin ya wuce tuni, amma har yau ba a barin baƙi su ɗauka.

Dalilin da ya fi shafarmu a nan shi ne ɓarayi. A nan za mu ɗan daɗe.

A 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin wannan jiha tamu ta Kaduna, suka tono wani ɗan kai na yumɓu. Bayan shekaru aka sake samun wani, wani Bature mai suna Bernard Fagg ya bi diddigi, aka gane cewa aikin wasu mutane ne da suka zauna a ƙasar nan fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Da labari ya kai kasuwannin Turai, kayan suka yi kuɗi, sai dillalai suka bazu cikin ƙauyuka. A shekarun 1990 aka yi ta tono ba ji ba gani, a ƙasar Nok, da ƙasar Katsina, da wajen Kwatarkwashi ta Zamfara, maƙwabtanmu na nan kusa. Talaka ya sha rana ya tono, a ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, a can waje a sayar da kuɗin da ya isa gina makaranta. Abin ya kai a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa waɗannan kaya cikin jerin waɗanda take gargaɗin kada kowa ya saya. A wannan shekara ce kuma aka ga wasu gumakan Nok a babban gidan tarihi na birnin Faris, aka yi ta ce-ce-ku-ce, sai daga baya Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro.

A wancan zamani dillali sai ya taka da ƙafarsa ya yi cigiya. Yau yana kwance a ɗakinsa yana duba Facebook da TikTok. Ƙasarmu ta ma'adini ce, an san Birnin Gwari da zinare tun zamanin Turawa, kullum kuma ana tona ƙasa. A ce wani saurayi yana haƙa ya ci karo da tsohuwar tukunya, ko tsakiya, ko wani gunki na yumɓu. Murna ta kama shi, ya ɗauka ya watsa, ya rubuta sunan wurin. Ko bai rubuta ba, wayoyi da yawa suna liƙa wa hoto alamar daidai inda aka ɗauke shi, in ba a kashe wannan sashe ba, wanda ya san kan abin kuma yana iya karantawa in hoton ya isa gare shi yadda aka ɗauke shi. Kafin mako ya zagayo sai ka ga baƙin fuska suna tambayar hanya. Wanda duk ya zauna a wannan yanki ya san abin da ke biyo bayan labarin an sami dukiya a daji.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana tonon kayan tarihi ba da izinin hukumar ba, ta hana cinikinsu sai ga wanda ta amince wa, ta kuma hana fitar da su ƙasar waje ba takarda. Saboda haka wanda ya tsinci irin wannan abu, ya sanar da mai unguwa ko dagaci, su kai wa hakimi, a sanar da gidan tarihi na Kaduna. Ya ɗauki hoton, wannan daidai ne, har ma ana so. Amma ya ajiye shi don hukuma, kada ya watsa.

Sai maganar alfarma. Alhazanmu shaida ne a kan yadda askarawan Saudiyya suke korar masu tsayawa ɗaukar hoto a inda ake ɗawafi da wajen ziyara a Madina, kuma ba a shiga Harami da manyan kyamarori sai da takardar izini. Wanda ya je Hubbaren Shehu a Sakkwato ya tarar da masu kula da wurin, su ne za su gaya masa inda zai tsaya da abin da ba a yi. A Katsina takobin nan Gajere ba kullum ake fito da shi ba. To, abin da muka yarda da shi a garin wasu, mu yarda da shi a namu. Ba a zama a kan kushewa a yi murmushi a ɗauki hoto. Ba a ɗaukar gawa ko masu makoki. Ba a ɗaukar matan mutane a bakin rijiya da sunan ai rijiyar ake ɗauka. Kundin malami kuma ba duka ne na wa'azi ba. A ciki akwai wasiƙu, da lissafin bashi da na gado, da laƙanin da gidan ya gada, waɗanda ko ɗan cikin gida sai ya kai munzali ake buɗe masa.

Na ƙarshe, wanda kowa ya sani ko ba a faɗa ba, shi ne tsaro. A ƙarshen 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a wannan yanki na wani lokaci, don ta san labari makami ne. Tun 1962 akwai dokar kare asirin gwamnati wadda ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro ba izini. Tsohon dutse ko tsohuwar gada na iya zama kusa da sansanin soja ko shingen 'yan sa-kai, kai kana ɗaukar dutse, su kuwa suna ganin kana ɗaukarsu. A wurin da aka sha wuya a hannun masu kai wa 'yan bindiga rahoto, baƙon da aka gani yana ɗauke-ɗauke a bayan gari ba tare da ɗan gari ba, kafin ya gama bayani an yi masa illa. Baƙo ko da ido makaho ne. Jirgin nan maras matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama kuwa, tun 2016 aka ce ba a tashinsa sai da izinin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A dajin Birnin Gwari kada ma a soma.

Yadda ake neman izini

Ba wani abu ne mai wuya ba. Baƙo ya fara sauka a wurin mai unguwa ko dagaci, ya gaishe shi, ya faɗi sunansa da inda ya fito da abin da zai yi da hoton. In daga makaranta ko gidan jarida yake, ya nuna takarda. Aikin da ya shafi ƙasa baki ɗaya, kamar shirin talabijin ko fim, a fara da hakimi, shi zai san ko sai an kai maganar fadar Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari. Amma a lura, izinin dagaci na shiga gari ne, bai ɗauke maka tambayar mai gona, ko liman, ko mai kundi ba. A faɗi gaskiya kuma. Wanda ya ce na ajiya ne, ya je ya sayar ko ya watsa, ya ci amana, ya kuma rufe wa na bayansa ƙofa.

Gandun Dajin Kamuku shi hukumarsa daban. Tun 1936 aka keɓe shi a zamanin En'e, a 1999 ya koma hannun gwamnatin tarayya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, yana kuma iyaka da dajin Kuyambana na Zamfara. A cikinsa ne ake da Goron Dutse, da Tsaunin Rema wanda ya ci sunan remayen da ke cikin duwatsunsa, da magangarar Dogon Ruwa. Ba a shiga gandun tarayya sai da izinin ma'aikatansa, su ne kuma za su ce ko wuri yana shiguwa a wannan lokaci ko ba ya shiguwa. In sun ce a'a, a'a ɗin ke nan.

A gidajen tarihi na gwamnati, a tambaya tun daga bakin ƙofa. Wasu ɗakunan an yarda, wasu an hana, hoton kasuwanci kuma sai an rubuta takarda an biya. In za a biya, a karɓi rasit. Na taɓa shiga wani gidan tarihi a wani babban gari, na ɗaga waya, mai gadi ya daka mini tsawa ya ce an hana. Na ba da haƙuri na mai da ita aljihu. Da muka zaga bayan wani ginshiƙi sai ya sassauta murya ya ce in akwai na goro, shi bai ga komai ba. Na fito raina a ɓace. Ƙofar da ya buɗe mini da ɗan goro, ita zai buɗe wa ɓarawo in ya kawo abin da ya fi goro.

Kalma ga masu riƙon wurare

Kada wanda ya karanta wannan takarda ya ɗauka muna cewa a rufe komai a hana kowa. In aka yi haka an gudu daga tarko an faɗa rami. Gininmu na ƙasa ne, littattafanmu na takarda ne, abokan gabarsu kuwa ba sa barci: damina, da gara, da gobara, da ƙaura. Ƙauyuka nawa aka tashi daga cikinsu a ƙasar nan cikin shekarun da suka wuce, aka bar masallatai da zaurukan kakanni ruwa yana ci? Waɗanda suka koma sun tarar da tudun ƙasa. Da akwai hoto, da jikoki sun ga yadda gidan kakansu yake.

Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, ana sallar La'asar, wani sashe na babban Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Masallacin nan Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi a shekarun 1830, bakan-gizonsa da ɗaurin gugansa kuma ba su da na biyu a ƙasar Hausa. Abin da ya sa ba za a manta da kamanninsa ba shi ne an bar masana sun shiga sun auna sun ɗauka tun yana tsaye, cikinsu har da wani masanin gini ɗan ƙasar Folan mai suna Dmochowski, har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. A Tambutu ma, da masu tada ƙayar baya suka rushe hubbarorin waliyyai a 2012, magina 'yan gado ne suka sake tada su bayan shekara uku, suna haɗa abin da suka gada da tsofaffin hotuna. Haka kuma kayan da aka sace: in ba ka da hotonsa da bayaninsa, ko ka gan shi a kanti a Landan, da me za ka shaida naka ne?

Saboda haka abin da ya dace shi ne masu wuri su riga baƙo. Gidan sarauta ya sa a ɗauki tambura da takubba da kayan doki ɗaya bayan ɗaya, a rubuta sunan kowanne da tsawonsa da wanda aka gada daga gare shi. Gidan malamai su zaɓi almajiri mai natsuwa ya ɗauki ganyen kundi bi da bi, a inuwa, ba walƙiya, da hannu mai tsabta, abin da yake na sirri a ware shi. Gidan Arewa da ke Kaduna, tsohon gidan Sardauna wanda aka mai da cibiyar binciken tarihi a 1970, yana da masu wannan aiki, ana iya neman shawararsu. Kada kuma a bar hotunan a waya guda, waya tana faɗawa ruwa, ana kuma ƙwace ta a hanya. A wanke wasu a takarda, a ajiye a gida biyu ko uku.

In baƙo ya zo da ladabi, a saurare shi. A gindaya masa sharaɗi: ga inda za ka ɗauka, ga inda ba za ka ɗauka ba, kada ka ambaci inda kaza yake, kuma ka aiko mana da namu. Wannan na ƙarshe a riƙe shi da kyau. Hotunan sarakunanmu da garuruwanmu na farkon zuwan Turawa, da yawansu suna ajiye a Ingila, jikokin waɗanda aka ɗauka ba su taɓa ganinsu ba, don a lokacin ba wanda ya iya cewa a kawo masa nasa.

Ku kuma samarin Kuyello da Tabanni da Kutemeshi da Dogon Dawa, ku ne masu wayoyin, ku kuka san kansu. Tsofaffin da suka san sunan kowane kufai da wanda ya haƙa kowace rijiya suna nan zaune a gindin bishiya, kullum kuma raguwa suke yi. Bana da rani, kafin ruwa ya sauka ya ƙara cin abin da ya saura, ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku nemi izini, ku roƙi ɗayansu ya raka ku ya nuna muku.